Baƙar fuska bayan "ta'arif": Yadda ake gane ciwon laftof kafin a kai ta Wustul Balad

A kan titin Bustan da ke Babul Luƙ, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa daga dandalin Tahrir, akwai wani ginin bene wanda duk mai kwamfuta a birnin Alƙahira ya san sunansa. Kasuwar Bustan ke nan, benaye cike da ƙananan shaguna, wasu na sayar da kwamfuta, wasu kayan gyaranta, wasu kuma teburin mai gyara ne kawai da fitila da sukundireba. Tana cikin Wustul Balad, tsohuwar unguwar tsakiyar birni wadda Khedewi Isma'il ya shimfiɗa titunanta a ƙarni na 19 bisa fasalin biranen Turai.

Ɗaliban Najeriya da Nijar da Ghana da ke karatu a Jami'ar Azhar na cikin masu hawa benayen nan. Daga Madinatul Bu'us ko Madinatu Nasr suke tasowa, yawancinsu kuma abin da suke nema shi ne abin da 'yan kasuwar ke kira "istirad", wato kwamfutocin tafi-da-gidanka da suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa na yankin Gulf aka shigo da su: Dell Latitude, HP EliteBook da ZBook, Lenovo ThinkPad. Tun ranar 6 ga Maris 2024, lokacin da Masar ta saki kuɗinta dala ta tashi daga kimanin fam 31 zuwa kusan fam 50, sabuwar laftof ta yi wa ɗalibi nisa, ta hannu ta zama abin dogaro.

Akwai wani koke da masu gyara a kasuwar suka saba ji. Jiya kwamfuta lafiya lau, da dare ta yi sabuntawa, ko mai ita ya sauko da sabon direba, da safe fuska ta yi baƙi ƙirin. Wani lokaci kuma kyaftawa take yi, ko rubutu ya kumbura kamar na allon 'yan makaranta, ko haske ya ƙi raguwa. A irin wannan hali mutum na iya biyan kuɗin sabuwar fuska, ko a goge masa komai da komai har da kundin binciken da ya shekara biyu yana rubutawa, alhali gyaran bai wuce aikin rabin sa'a ba, kuma ba ya buƙatar kwance ko noti ɗaya.

Mene ne ta'arif?

Abin da masu gyara a Kano ke kira direba, Misirawa na ce masa "ta'arif", wato gabatarwa. Sunan nasu ya fi kama ma'ana. Windows ba ta san yaren kowane ƙarfe da ke cikin kwamfuta ba, don haka kowane sashe yana zuwa da 'yar manhajar da ke gabatar da shi, ta kuma yi tafinta tsakaninsa da Windows. Na sauti da nasa, na intanet da nasa. Wanda ya fi kowanne girma da rikici shi ne na katin hoto, "kart shasha" a bakin Misirawa. A laftof ba kati ba ne na gaske. Ɗan ƙaramin guntu ne da aka liƙe da dalma a kan babban allon kayan ciki, wanda suke kira "borda", ko kuma wani ɓangare na ƙwaƙwalwar kwamfutar kanta. Kamfanoni uku ne suka mamaye ƙera shi: Intel da AMD da Nvidia.

Dalilin da ya sa kuskuren wannan direba ke da muni shi ne wurin da yake zaune. Manhaja irin Word idan ta rikice, ita kaɗai za ta rufe. Wani ɓangare na direban hoto kuwa yana aiki ne a can cikin zuciyar Windows, inda kuskure guda ke iya durƙusar da kwamfutar baki ɗaya. Duniya ta ga girman wannan haɗari ranar 19 ga Yuli 2024, lokacin da gurɓatacciyar sabuntawa daga kamfanin tsaro na CrowdStrike, wanda manhajarsa ke aiki a wannan zurfin, ta kayar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda.

Matsalar ta tsufa. Takardun da suka fito a wata shari'a da aka yi da Microsoft a Amurka a 2008 sun nuna cewa kusan kashi 29 cikin 100 na faɗuwar Windows Vista da kamfanin ya tattara a 2007 daga direbobin Nvidia suka fito, sama da na Microsoft kansa. A Maris 2010 Nvidia ya janye direba mai lamba 196.75 bayan an gano yana rikita fankar da ke sanyaya katin. A farkon 2025 ma, bayan fitowar katunan RTX 50, sai da kamfanin ya yi ta fitar da gyara a kan gyara saboda koken baƙar fuska. Sabon direba, ko daga wane kamfani ya fito, yana iya zuwa da aibinsa.

Tun daga Vista, Windows na da wata dabara ta kare kai. Idan katin hoto ya yi daƙiƙa biyu bai amsa ba, sai ta farfaɗo da direban, fuska ta ɗauke na ɗan lokaci ta dawo, a ga saƙon cewa direban ya daina amsawa amma ya farfaɗo. Idan abin ya yi ta maimaituwa ko farfaɗowar ta gagara, sai kwamfutar ta faɗi, ta nuna shuɗiyar fuskar nan mai ɗauke da rubutun VIDEO_TDR_FAILURE, wadda Microsoft ya mayar da ita baƙa a sababbin Windows 11 tun 2025. Sau da yawa akwai sunan fayil a ƙasa, kuma shi ne ke tona mai laifi: nvlddmkm.sys na Nvidia ne, igdkmd64.sys na Intel, atikmpag.sys ko amdkmdag.sys na AMD. Wanda ya ɗauki hoton rubutun da wayarsa ya rage wa mai gyara rabin aiki.

Abin da ya sa laftof ta fi tsaurin ido

Kwamfutar tebur tana da kati ɗaya da waya ɗaya zuwa fuska. Laftof masu ƙarfi, irin ZBook da Precision da na wasanni, katin hoto biyu gare su. Ƙaramin yana cikin ƙwaƙwalwar Intel ko AMD, ba ya cin batir, shi ke aikin yau da kullum. Babban na Nvidia ko AMD yana barci, sai an buɗe manhajar zane ko tace bidiyo ya farka. Nvidia ya fito da wannan tsari da sunan Optimus a 2010. A yawancin irin waɗannan kwamfutoci, fuskar na haɗe ne da ƙaramin katin. Babban ya zana hoto, ya miƙa wa ƙaramin ya nuna. Saboda haka idan direban Intel ya gurɓace, ko bai dace da na Nvidia ba, fuska za ta yi baƙi ko da babban katin lafiyarsa ƙalau. Mutane da yawa kan yi ta cire direban Nvidia suna mayarwa, ciwon kuwa na wajen maƙwabcinsa.

Ga kuma hannun kamfanin da ya haɗa laftof ɗin. Dell da HP da Lenovo kan karɓi direba daga Intel su yi masa gyare-gyare don ya dace da fuskar da suka saka, da maɓallan ƙara haske, da yadda kwamfutar ke barci ta farka. Shekaru da dama direban da ke shafin Intel ba ya yarda ya hau kan irin waɗannan kwamfutoci, sai ya ce a koma wurin wanda ya ƙera. A 2020 Intel ya sassauta wannan shinge ga ƙwaƙwalensa na ƙarni na shida zuwa sama, duk da haka har yanzu shawararsa ga masu laftof ita ce su fifita na kamfanin da ya ƙera musu. Wannan shawara ce da ta cancanci a bi, musamman ga kwamfutar da ta tsufa.

Tsufa kuwa shi ne asalin halin kayan istirad. A Yuli 2022 Intel ya mayar da katunan ƙarni na shida zuwa na goma rukunin tsofaffi, sai gyaran tsaro da manyan matsaloli kawai. AMD ya sallami jerin tsofaffin katunan Radeon a Yuni 2021. Nvidia ya daina fitar da cikakkun sababbin direbobi ga jerin GTX 900 da GTX 10 daga Oktoba 2025, sai na tsaro. Ita kanta Windows 10 ta kai ƙarshen tallafinta na kowa da kowa ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana neman ƙwaƙwalwar Intel ta ƙarni na takwas zuwa sama. Kasuwa ba ta jiran izinin Microsoft: ana tsallake shingen a ɗora Windows 11 a kan kwamfutar ƙarni na shida ko na bakwai, ta yi aiki, har ranar da wata babbar sabuntawa za ta zo da direban da ba a gwada shi a kan wannan haɗin ba.

Sai al'adar "nuskha". Idan aka ce a shago "za mu saukar maka da nuskha", ana nufin goge kwamfuta a ɗora sabuwar Windows, sau da yawa daga filashi guda da ake amfani da ita ga kowa, tare da wata manhaja mai ɗauke da dubban direbobi wadda ke zaɓa da kanta. Aikin na da sauri, mafi yawan lokuta kuma yana tafiya daidai. Idan zaɓin ya kuskure, ba lallai a gani a shago ba. Sai an koma ɗaki an haɗa intanet, Windows ta lura da abin da aka saka, ta sauko da nata ta ɗora a kai. Daga nan direba biyu ke ja-in-ja a kan kati ɗaya.

Tambaya ɗaya kafin komai

Direban hoto ba ya fara aiki sai Windows ta tashi. Wannan gaskiya guda ita ce ma'aunin da ke raba ciwon manhaja da ciwon ƙarfe. Idan aka kunna kwamfuta tambarin Dell ko HP ya fito tsaf, sai daga baya fuska ta ɗauke, to ƙarfe ya nuna yana iya aiki, zargi ya koma kan direba. Idan tun daga tambarin akwai layuka, ko launi ya gurɓace, ko ba a ga komai ba, direba ba shi da hannu a ciki, domin bai ma farka ba tukuna.

Don a tabbatar, sai a shiga shafin BIOS, wanda ba ya buƙatar Windows: F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad, ana dannawa da zarar an kunna. A bar shi a buɗe na wasu mintuna, a ɗaga murfin a hankali a sauke. Idan hoton na rawa ko yana ɗaukewa daidai lokacin da murfin ke motsi, siririyar wayar da ke bi ta gaɓar murfi zuwa fuska ce ta gaji. Misirawa na kiranta "flata", kuma kuɗinta bai kama ƙafar na fuska ba. Kwamfutocin Dell na da wata gata: a danne harafin D a kunna, fuskar za ta gwada kanta, ta yi ta sauya launuka. Idan launukan sun fito sumul, fuskar ba ta mutu ba, ko me aka faɗa a shago.

Baƙar fuska ma iri biyu ce. A haska ta da tocilan waya kusa-kusa a cikin ɗaki mai duhu. Idan ana iya hango inuwar rubutu, hoto na zuwa, fitilar bayan fuska ce ta ɗauke ko haskenta ya sauka ƙasa. Idan kuma aibin layuka ne ko ɗigo-ɗigo, a ɗauki hoton fuska da maɓallin PrtSc a tura wa waya. Aibin da ya bayyana a cikin hoton daga kati ko direba ya fito. Wanda bai bayyana ba yana tsakanin flata da gilashin.

Gwajin da aka fi yi, wato haɗa laftof da talabijin ta wayar HDMI, yana da amfani amma yana yaudara. Ana ɗauka cewa idan talabijin ya nuna hoto, to fuskar laftof ta lalace. A laftof masu kati biyu da yawa, ƙofar HDMI na haɗe da katin Nvidia ne, fuskar ciki kuma da na Intel. Talabijin zai nuna hoto tangaran saboda direban Nvidia lafiya yake, fuskar ciki ta zauna a duhu saboda na Intel ya karye. An sayi fuskoki da yawa a banza a kan wannan gwaji.

Game da kyaftawa, Microsoft kansa ya ba da hanya mai sauƙi: a buɗe Task Manager da Ctrl da Shift da Esc. Idan shi ma yana kyaftawa tare da komai, mai yiwuwa direba ne. Idan shi yana tsaye sauran na rawa, wata manhaja ce da aka saka.

Yadda ake kwance ƙullin

Ana farawa da abin da ba ya ɓata komai. Danna maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B a tare yana farfaɗo da direban hoto. Za a ji ɗan ƙara, fuska ta ƙifta. Windows da P kuma na sauya inda ake tura hoto, domin bayan sabuntawa kwamfuta kan ɗauka cewa akwai fuska ta biyu, ta tura komai can.

Idan hakan bai yi ba, sai Safe Mode, yanayin da Windows ke tashi ba tare da direban kamfani ba, ta yi amfani da nata na gaggawa mai suna Microsoft Basic Display Adapter. Wanda ba ya ganin komai zai iya isa can ta hanyar kashe kwamfutar da maɓallin wuta da zarar tambarin Windows ya bayyana, sau biyu ko uku a jere, har shafin gyara ya buɗe. Daga nan Troubleshoot, sai Advanced options, sai Startup Settings, a sake kunnawa a danna 4. A nan akwai tarko: kwamfutar da aka kulle ma'ajiyarta da BitLocker za ta iya neman mabuɗi mai lambobi 48, wanda yawanci ke ajiye a asusun Microsoft na mai ita. Ya kamata a nemo shi ta waya tun kafin a fara.

Idan fuska ta dawo daidai a Safe Mode, zargin ya yi ƙarfi sosai. Abu na farko shi ne kwashe muhimman fayiloli zuwa filashi. Sannan a buɗe Device Manager, a duba ƙarƙashin Display adapters, a shiga bayanan katin, a zaɓi Roll Back Driver, wanda ke dawo da direban da ke aiki kafin sabuntawa. Idan maɓallin ya dushe, Windows ba ta ajiye tsohon ba, sai a cire na yanzu ta Uninstall device, a kuma yi alama a akwatin da ke cewa a goge manhajar direban, in ba haka ba shi ɗin zai dawo. Inda ragowar tsofaffin direbobi suka taru, masu gyara na amfani da wata manhaja ta kyauta mai suna Display Driver Uninstaller, wadda ke share su tas. A Safe Mode ake gudanar da ita.

Matakin da aka fi tsallakewa shi ne cire intanet. Wanda ya goge direba ya sake kunna kwamfuta da Wi-Fi a buɗe, cikin mintuna Windows za ta sauko da wanda ya jawo matsalar ta mayar. Don haka ana sauko da direban da ya dace tun da wuri, ko da a kwamfutar abokin ɗaki, a ajiye a filashi, a kashe intanet, sannan a saka. Bayan haka a dakatar da sabuntawa na 'yan makonni, ko a hana Windows sauko da direbobi a shafin Device installation settings.

Wanda ya dace shi ne wanda ke shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, an nemo shi da lambar wannan kwamfutar takamaimai. A Dell ita ce Service Tag mai haruffa da lambobi bakwai a ƙarƙashin kwamfutar. HP da Lenovo na da lambar siriyal. Sunan samfuri kaɗai ba ya isa, domin samfuri ɗaya kan fito da kati daban-daban. Idan takardar ƙasan ta goge, kamar yadda ake yawan gani a kayan istirad, lambar na nan a shafin BIOS. Shi ma katin ana iya gane shi ta Hardware Ids a Device Manager: VEN_8086 Intel ne, VEN_10DE Nvidia, VEN_1002 AMD. A kwamfuta mai kati biyu ana fara saka na Intel, a sake kunnawa, sannan na Nvidia. Kwanan watan direban na iya zama na shekara huɗu ko biyar baya, kuma wannan ba aibi ba ne. Shi ne na ƙarshe da aka gwada a kan wannan ƙarfen. A Masar, inda intanet ɗin gida ake sayar da shi da ƙididdigar gigabait, fayil ɗin Nvidia mai nauyin ɗaruruwan megabait ba abin da ake son saukewa sau uku ba ne.

Ƙananan alamomi ma na da fassara. Idan ma'aunin haske ya ɓace kuma rubutu ya yi girma, kwamfutar na tafiya ne a kan direban gaggawa, na gaskiyar bai hau ba. Kyaftawar da ke zuwa sai an cire caja, a kwamfutocin Intel, sau da yawa daga wata dabarar tanadin batir ce mai suna Panel Self Refresh, wadda ake iya kashewa a manhajar saitin hoto ta Intel.

Inda direba ke ɗaukar laifin wani

Akwai lokacin da komai ke nuna direba, amma ba shi ba ne. Kwamfuta na aiki a Safe Mode, da zarar an saka direba sai ta daskare. A canja wani, haka. A koma tsoho, haka. Ko kuma Device Manager ya nuna alamar gargaɗi ruwan ɗorawa da Code 43 bayan an yi sharar tsaf. Abin da ke faruwa shi ne direban gaggawa ba ya tambayar katin komai sai zane mai sauƙi, cikakken direba kuwa yana tayar da dukkan sassansa, ya taɓa inda ya lalace. Direban ya tona ciwon ne kawai.

Irin wannan ciwo na da tarihi. A Yuli 2008 Nvidia ya ware dala miliyan 196 saboda katunan laftof irin su GeForce 8400M da 8600M da haɗin dalmarsu ke tsagewa sakamakon zafi da sanyi, abin da ya shafi Dell da HP da Apple. A Fabrairu 2015 Apple ya buɗe shirin gyara kyauta ga MacBook Pro na 2011 masu katin AMD kan irin wannan mutuwa. Yanayin Alƙahira ba ya tausaya wa irin waɗannan katuna: zafin bazara da ke haura digiri 40, da ƙurar iskar khamasin tsakanin Maris da Mayu wadda ke toshe fanka kamar yadda ƙurar hunturu ke yi a Kano da Maraɗi. Kwamfutar da ke faɗuwa sai ta yi zafi, shara da sabon man sanyaya take buƙata kafin a taɓa kowane direba.

A kasuwa za a iya ba da shawarar gasa katin da iska mai zafi, ko "shablana", wato cire shi a sake masa ƙwallayen dalma. Gashi kan dawo da hoto na makonni ko watanni, sannan ciwon ya dawo, shi ya sa wanda ke sayen ta hannu ya kamata ya yi hattara da laftof da aka taɓa gasawa. Ga ɗalibin da aikinsa bai wuce Word da Maktaba Shamila da darasin bidiyo ba, akwai mafita mafi arha: idan babban katin ne ya mutu a kwamfuta mai kati biyu, a kashe shi a Device Manager, ko a BIOS inda akwai zaɓin, a ci gaba da na Intel. Bambancin ba zai bayyana a rubutun risala ba.

Idan tafiya Bustan ta zama dole

Wanda ya je da bayani a hannu ba a yi masa gaggawa. Cewa "tambari na fitowa, Safe Mode na aiki, matsalar ta fara ne bayan ta'arif ɗin kart shasha" ya bambanta da miƙa kwamfuta a ce ta lalace, domin amsar wannan ta biyun kusan kullum ita ce nuskha. Kafin a yarda da nuskha, a tabbatar fayiloli na wani wuri. Kafin a yarda da sabuwar fuska, a nemi a gwada wata a gaban mai kaya, a kuma gwada flata.

Mai saye kuma, lokacin gwaji shi ne kafin kuɗi ya bar hannu. A buɗe Device Manager a ga sunan katin na gaskiya ba tare da alamar gargaɗi ba. Laftof ɗin da aka ce tana da Nvidia amma katin bai bayyana ba, ko an kashe shi, tana ɓoye wani abu. A kunna bidiyo na minti goma, a rage haske a ƙara, a rufe murfi a buɗe, a cire caja a mayar. Dokar kare masu saye ta Masar mai lamba 181 ta 2018 ta ba da kwana 14 na mayar da kaya ko canja shi, da kwana 30 idan akwai aibi, ta kuma wajabta wa mai sayar da kayan hannu ya bayyana halin da suke ciki. A aikace, abin da ke tsayawa a kan kayan istirad shi ne "daman" ɗin da shago ya rubuta a kan "fatura", da lambar siriyal a jiki. Kwanakin damanin shago ba su cika yawa ba, don haka a haɗa kwamfutar da intanet a daren farko, a bar Windows ta gama duk sabuntawarta, a ga abin da fuska za ta yi tun takardar na da rai.